Murɗin Bahago

Gwaggo muke ce masa, ko da yake babur ne, saboda tsufa da faɗa, da kuma yadda ba ya tashi da safe sai an lallashe shi. Da sunan ya bi shi sai muka koma ce masa "ita", har yau kuma bakina bai iya gyaruwa ba. Irin baburan tseren daji ce, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu ƙuraje, wadda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a jarka kafin a zuba mata. A bayan shagon wani mai gwangwan na tsince ta, kaza ta yi sheƙa a inda matatar iska take zama. Ina jin ko kamfanin da ya ƙera ta ya manta ya taɓa yin irinta. Abin da babu shi a kasuwa ni nake ƙera mata, abin da ya fi ƙarfina in kai wa maƙwabcina Mai Walda ya liƙa mini yana zagina.

Ni bakanike ne, kuma bahago, shi ya sa sunana na yanka ya ɓace, kowa Bahago yake kirana, har Inna idan na ɓata mata rai. Garejina rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin Mai Walda da mai faci. Ba ni da allo, ban taɓa yin talla ba, Gwaggo ce take yi mini. Duk wanda ya je filin tsere ya ga wannan tsohuwa ta bar sababbin babura a baya suna shan ƙurarta, washegari zai turo nasa garejina ya ce a taɓa masa da hannun da ya taɓa ta. Da wannan sunan nake ci, da shi nake shiga mutane, kuma in aka cire shi ban san abin da ya rage mini ba.

A da ni nake hawan Gwaggo, har ranar da gwiwata ta dama ta tarwatse a kan wani dutse, likita ya ce in manta da tsere. Sai Auta ya ɗauki hular kwanona. Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa keke, ni na sha duka a kan rigar makarantarsa da ya yaga. Sana'arsa wayarin, yana ja wa sababbin gidaje wayar lantarki. Yana zaune da matarsa da jaririyarsu a ɗakunan baya na gidan Inna. Gaskiya ya fi ni iya tuƙi, na daɗe ina jin haushin haka kafin ya koma mini alfahari. Ni da ƙarfin tsiya nake tafiya da Gwaggo, shi kuwa lallaɓa ta yake yi, ita kuma munafukar sai ta ba shi abin da ta hana ni.

Muka raba aiki, ni gyara, shi hawa. Da yamma in ya tashi daga wurin aiki sai ya biyo ta gareji, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, yana miƙo mini kayan aiki tun ban buɗe baki ba. Ya san sufanar da nake so kafin ni in sani, kuma kullum a hannun hagu yake ɗora mini ita. Duk waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashina babu wanda ya iya riƙe wannan, sai ka ga mutum yana cusa mini filaya a dama kamar yau ya fara ganina.

Tsohon babur girgiza gare shi, duk notin da ba ka tsare ba zai yi sallama da kai a tsakiyar daji. Don haka kowane noti mai muhimmanci nakan huda kansa, in zura siririyar waya, in murɗe ta da filaya, in ɗaure a jikin wani ƙarfe yadda ba zai juya ba. To da yake ni bahago ne, murɗina baya yake tafiya, saɓanin na kowa. Wanda bai sani ba in ya zo kwancewa ƙara ɗaurewa yake yi. Mai Walda yakan ce ko tazugen wando na ɗaure wa mutum sai an aiko a kira ni kafin ya shiga banɗaki.

Filin tseren wani tsohon wurin fasa dutse ne a bayan gari. Ana tashi daga fili, a ratsa yashi, a zagaya bayan tudu inda 'yan kallo ba sa gani, daga nan sai Maƙogwaro. Wata gangara ce matsattsiya tsakanin duwatsu biyu, mai tsayin gaske, ƙasanta kuma tsakuwa ce mai santsi. Wanda ya sauka lafiya sai ya tsallake rafi ya dawo fili. A Maƙogwaro Auta yake cin mutane. 'Yan sababbin babura su tsaya suna lallaɓa birki, shi ya bi ta gefensu ya wuce.

Bara wani da muke kira Mai Gilashi, saboda tagogi yake sa wa gidaje, ya faɗi a nan. Babur ya juya da shi ya sauko masa a baya. Auta ne a bayansa, da ƙyar ya kauce bai taka shi ba. Mai Gilashi bai mutu ba, amma yanzu a keken guragu yake. Mun je mun duba shi, muka yi masa addu'a, muka dawo. Na tambayi Auta ko lafiya yake, ya ce lafiya ƙalau, na kuwa yarda, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Da aka dawo tsere bana, a zagayen farko Gwaggo ta mutu a bayan tudu. Ni ba na buƙatar ganinta, muryarta na sani ko a cikin babura nawa ne. Ina tsaye a fili na ji ta yi tari, ta ja numfashi, ta sake tari, sai shiru. Muka ɗauki akori-kurar Mai Walda muka bi hanya, muka tarar da Auta a tsaye kusa da ita, kaɗan ya rage ya kai bakin Maƙogwaro. Ya ce haka kawai ta shaƙe kamar mai ya ƙare. Na leƙa tanki, ga mai nan. Na sa shi ya buga kik, bugu biyu ta tashi tana ihu kamar ba ita ba.

Duk bakanike ya san babu cutar da ta fi wannan mugunta, wadda take zuwa ta tafi ba ta bar sawu ba. Na sauke kafireto, inda mai da iska suke haɗuwa, na baje shi a kan farin ƙyalle, na hura kowace kafa, har na sami wani ɗan datti da bai kai ƙwayar yashi ba. Na ɗora shi a kan farce na nuna wa Auta ina murna, na ce ga ɓarawon nan. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini sukudireba.

Tsere na gaba ta sake mutuwa, a wurin dai, da irin tarin dai.

Daga nan aka fara. Mai Walda ne ya buɗe fage, kullum da safe sai ya leƙo ya tambaye ni yaya mai jiki, ko a kira 'yan uwa. Shi wasa yake yi, na sani, amma titi ba ya rarrabe wasa da gaske. Mai faci ya ɗauka, masu shayi suka ɗauka, aka sa mini suna likitan da gwaggonsa ta gagara. Wata rana wani mutum ya turo baburinsa har cikin rumfata, yana cikin yi mini bayani wani ya jefo wannan maganar daga tsallaken titi. Mutumin ya yi 'yar dariya, ya ce bari ya je ya dawo, ya juya da baburinsa. Ina kallonsa ya shiga garejin ƙasan layi, wurin wani da ni na koya masa bambancin fistin da ringi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na wargaza Gwaggo har ƙashi. Na canza fulogi, na canza tiyon mai, na wanke tanki na shanya, na duba kafar iskar murfinsa ko ta toshe. Auta yana nan a kan tayarsa kowace yamma. Shi ne ma wata rana ya ce, "Yaya, anya ba kwayil ba ne? Ka san in ya yi zafi yakan yanke wuta, in ya huce ya dawo." Na ji daɗin maganar har na dafa kansa, na ce ashe zaman gareji bai tashi a banza ba. Irin kwayil ɗinta ya ƙare a duniya, sai da na zauna na warware tsohon, na sake naɗa shi da sabuwar waya zare bayan zare, idona yana ruwa, shi kuma yana riƙe mini bakin wayar.

Da na je gaishe da Inna ta ga yadda na zabge, ta sa aka kawo mini abinci ta zauna tana kallona. Ta ce in yi haƙuri, ƙarfe ne, ya yi zamaninsa. Sannan ta ƙara da cewa wataƙila ma girma ne ya fara zuwa mini, ido da hannu ba sa zama yadda suke har abada. Maganar ta bi ni gida. Na fara tsarguwa da hannuna. In na ɗaure noti sai in koma in sake taɓawa, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaron gareji.

Ana gobe tsere na uku wani tunani ya zo mini. A ƙasan tankin Gwaggo akwai ɗan makullin mai, wanda in ka juya shi mai ya daina sauka. In an rufe shi babur ba ya mutuwa nan take, sai ya shanye ɗan abin da ya rage a kafireto tukuna. Na ce ko gwiwar Auta ce take bugunsa a gargada ya rufe, in an tsaya kuma wani ya taɓa ya koma. Ban yarda da tunanin sosai ba, amma babu abin da ya rage mini. Na buɗe makullin, na zura waya, na murɗe ta, na ɗaure a jikin firam, wato ƙashin babur. Na nuna wa Auta na ce ko jaki ne ya yi harbi a nan ba zai motsa ba. Ya ce haka ne, Yaya.

A fili kafin a tashi aka taru a kanmu kamar masu kallon biri. Wani cikin 'yan sababbin babura ya ce ya zo da igiya a jakarsa, in Gwaggo ta gaji zai jawo mana ita kyauta. Mai Walda ya ce a'a, a bar masa, shi ya riga ya auna tayoyinta, za su yi masa daidai a amalanke. Aka fashe da dariya. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, dama ba ni da wuyar hawa. Na ɗora hannu a kan tanki na rantse da Allah a gaban kowa, in ta sake mutuwa yau, da hannuna zan wargaza ta, Mai Walda ya ɗauki tayoyin, ni kuma na bar harkar tsere ke nan. Auta yana tsaye a gefena da hula a hannu. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai kawai ya dafa kafaɗata, ya ce bari ya ɗan ɗuma ta a bayan motoci kafin a kira layi.

Aka tashi. Na bi muryarta ta ratsa yashi, tana gaba, tana waƙa yadda ban taɓa jin ta yi ba, don kwayil ɗin nan ya naɗu. Ta shiga bayan tudu. Na ce a raina to wuce mana, 'yar tsohuwa, rufa mini asiri. Sai ta yi tari.

Da muka isa Auta yana zaune a inuwar dutse, ya cire safar hannu, jakar kayan aikin da yake ɗaurawa a ƙugu tana gefensa. Abin da na fara dubawa makullin mai ne. Yana buɗe, waya tana nan a ɗaure. Ban ma ce a buga kik ba. Muka ɗora ta a mota, na zauna a baya tare da ita, muka ratsa ta cikin mutane. Babu wanda ya yi dariya, har Mai Walda, kuma wannan shirun ya fi mini dariyar ciwo. Auta ya ce, "Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Yaya." Na ce masa ya yafe mini, na sa shi jin kunya a gaban sa'o'insa. Da bakina na roƙe shi gafara.

Na bar ta a lulluɓe 'yan kwanaki, na kasa taɓa ta. Amma rantsuwa rantsuwa ce, kuma duk titin yana jira. Wata safiya na yaye tamfol, na shimfiɗa buhu, na jera kwanukan zuba noti. Na cire kujera. Kafin a sauke tanki dole a rufe mai, don haka na ɗauki filaya na kama wayar makullin, na juya ta yadda na saba kwance ɗaurina.

Maimakon ta saki, sai ta ƙara tsukewa.

Na ɗauka hannuna ne ya rikice, na sake juyawa, ta sake tsukewa. Na ajiye filaya, na durƙusa da gwiwata mai lafiya, na goge wayar da babban yatsa. Murɗin dama ne. Kyakkyawa kuwa, zare ya kwanta a kan zare babu tazara, ƙarshen an lanƙwashe shi an kwantar, irin na mutumin da ya wuni yana haɗa wayar lantarki har hannunsa ya daina tambayarsa. Na duba wayar notin birki, na duba ta salansa, na duba ta gatari, duk baya suke tafiya, nawa ne. Wannan kaɗai ce baƙuwa.

Na daɗe a durƙushe. Ban yi wani dogon lissafi ba, abin da kansa ya jeru: ɗumawar da aka je yi a bayan motoci, safar hannun da aka cire, jakar kayan aiki a gefe. An kwance waya kafin a tashi, an rufe mai a bayan tudu, an jira ta shanye na kafireto ta mutu kowa yana ji, sannan aka buɗe aka mayar da waya kafin mu iso. Gwaggo ba ta taɓa yin ciwo ba. Hannuna ma lafiyarsa ƙalau.

Na yanke wayar daga gefe biyu yadda murɗin zai fita ɗungurungum, na yanko ta notin birki, na zuba su a aljihu, na rufe gareji da rana tsaka. Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya tambaye ni ina zuwa, na wuce abina.

Na same su a tsakar gidan Inna. Inna tana ninke kayan jaririya da aka kwaso daga igiya, Auta ya dawo cin abinci, yana zaune a kan benci ya buɗe cikin wata fanka. Matarsa tana ganin fuskata ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. Na ajiye wayoyin biyu a kan benci kusa da juna.

"Auta, wacce ce tawa?"

Ya dube su. Gaskiyar magana, bai tsaya yi mini wasan ban gane ba. Ya ajiye sukudireba, ya sunkuyar da kai.

"Duka tsere ukun, kai ne?" na ce.

"Duka ukun, Yaya."

Sai ya fara magana, kansa a ƙasa. Ya ce tun ranar Mai Gilashi bai sake zama daidai ba. Ya ji ƙarar da bayan mutumin ya yi, kuma har yanzu yana jin ta. In ya doshi Maƙogwaro hannuwansa mutuwa suke yi a kan kan babur, ya rinƙa ganin 'yarsa tana tura shi a keke. Ya ce karon farko bai shirya ba, hannunsa ne kawai ya sauka kan makullin. Ya zo gareji da yamma da niyyar gaya mini, ya tarar na baje kafireto ina nuna masa datti a farce ina dariya, sai bakinsa ya yi nauyi. Daga nan kuma kullum abin ƙara nauyi yake yi.

Na ce da ya ce mini tsoro yake ji, da wa zai ɗaure shi a kan babur?

"Da ka ce in daina kallon ƙasa in buɗe totur," in ji shi. "Ranar da muka fito daga wurin Mai Gilashi, tun ba mu kai bakin titi ba ka ce laifinsa ne, ya taɓa birkin gaba."

Na faɗa, ban musa ba. Kuma wataƙila da na yi masa faɗa, da na kira shi matsoraci, da mun yi sati ba ma magana. Wannan ai abin da 'yan uwa suke yi ne, ya wuce. Tsoronsa bai ɓata mini rai ba, ni da na bar gwiwa a kan dutse na san abin da ake tsoro. Wani abu daban ne yake cin zuciyata, na kuwa faɗe shi.

"Kwayil fa? Kai ka ce mini kwayil ne. Kai ka riƙe mini bakin waya."

Ya sake ɗaukar sukudirebar yana juya ta a hannu.

"Na rantse kana tsaye. Kalma ɗaya za ka faɗa."

"Na ɗauka in ka wargaza ta shi ke nan," ya ce a hankali. "Kowa ya huta."

A nan Inna ta ajiye rigar da take ninkewa. Ta ce kada in ɗora masa shi kaɗai, tun bayan tseren farko ya gaya mata, ita ce ta ce ya bar ni a haka. Ta san halina, in na ji gaskiya zan hura masa wuta har ya koma, in kuwa babur ne ya gaza zan gaji in bari. "Surutun mutane kwana nawa ne?" in ji ta. "Ɗa ɗaya na riga na ba wa wannan ƙarfen gwiwarsa. Ba zan ba shi bayan ɗayan ba."

Na dube ta. Wannan bakin ne ya ce mini girma ya fara zuwa, ido da hannu ba sa dawwama. Ta zuba mini abinci, ta kalle ni ina zargin hannun da nake ci da shi, alhali ta sani. Matar Auta ma ta sani, shi ya sa ta gudu ɗaki. Gida guda aka zauna aka auna, aka ga sunana ne abin da ya fi sauƙin bayarwa, kuma babu wanda ya ga ya kamata a tambaye ni. Da sun tambaya wataƙila da na bayar da kaina. Ban ɗaga wa Inna murya ba, ban taɓa ba. Na kwashe wayoyina, na ce mata sai an jima.

Da na koma gareji na mayar da kujera. Na tsaya a gefenta na buga kik da ƙafar hagu, bugu ɗaya ta tashi. Na ja totur, ta amsa tas, babu ko gargada a muryarta, hayaƙi mai shuɗi ya cika rumfa. Mai Walda ya kashe injinsa ya fito yana goge hannu, mai faci ma ya miƙe. Ga su nan, ga wayoyi a aljihuna. Abin da ya rage in fito da su in ajiye a kan tebur, kafin la'asar duk titin ya san hannun Bahago bai mutu ba. Kafin magariba kuma ya san ƙanen Bahago matsoraci ne kuma maƙaryaci, kuma wannan sunan ba ya wankuwa, da shi 'yarsa za ta tashi. Ban yafe masa ba, kada a ɗauka kirki ne ya motsa mini. Na dai sa hannu a aljihu na kasa fito da shi.

Na jingina da tanki yadda jikina zai kare, na zura yatsa na rufe makullin. Ta ci gaba da waƙarta ɗan lokaci kamar ba abin da ya faru. Sai ta yi tari, ta ja numfashi, ta sake tari, ta yi shiru. Daidai yadda na ji ta daga fili, sau uku.

"Ka ji ko?" in ji Mai Walda, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. "Ta sake yi. Haƙuri za ka yi, Bahago, wani abin ya fi ƙarfin gyara."

Na ce na ji. Na ce ya dawo da yamma ya ɗauki tayoyinsa.

Na sauke tanki, na sauke salansa, na zare sarƙa na naɗe ta a kwano. Kowace waya na kama na juya, ta saki ba gardama. Na cire kwayil ɗin da na naɗa, na riƙe shi a hannu ina tunanin inda zan ajiye, daga baya na jefa shi cikin kwandon tarkace tare da sauran.

Rana ta yi sanyi ina kan notocin inji sai na ji an ja tsohuwar taya an zauna. Ban waiwaya ba, na san takun Auta. Noti na gaba ya fi wanda na gama girma, kuma kafin in ɗaga kai sufanar ta iso gefen hannuna na hagu, daidai lambar da nake nema.

Na bar hannunsa a miƙe. Na dafa firam na tashi da gurguwar gwiwata, na taka har bango, na ɗauko wata.